Tambayi Bakanike: Hannun kujerar a-kori-kurar tsohona ya zube, in saya ko in gyara?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba bakanike, ina wuni ina gajiya, ya muka ji da zafin wanga lokaci. Ni direba ne nan Sakkwato, a-kori-kurar tsohona nike ja, Toyota ce ta 1994 irin wadda mutane ke ce ma Hilux 'yar Amurka, ta Kwatano ta shigo tun ina firamare. Da ita nike ɗauko albasa Wurno da Goronyo, ran Lahadi kuma in yi Illela. Inji lafiya lau Alhamdulillahi, matsalata hannun kujera ne, wanga na tsakiya da ake saukewa a ɗora gwiwar hannu. Ledar ta tsage tun bara, soson ciki ya koma gari wani rawaya-rawaya, duk wanda ya shiga da farin kaya sai ya fita da shaida, yanzu har ƙarfe ya leƙo yana sukata, kuma in na ɗaga shi sama bai tsayawa ina taka birki sai ya faɗo. Na dai ɗaure shi da robar tub don in samu lafiya. Na je wurin masu sifiya wani ya ce zai sa a kawo min ɗan Beljiyam daga Kano, amma kuɗin da ya faɗa sai da na nemi wuri na zauna, kuma bai da tabbacin kala ɗaya za a samu. Wani abokina mai walda ya ce in kawo ya like shi wuri guda kowa ya huta. Ni don ta ni cire shi zan yi in yar, to amma duk Juma'a ni ke kai tsoho masallaci cikinta, kuma nan yake ɗora hannu nai, tun da ya fara ciwon kafaɗa bai iya zama babu shi. Mi ka gani Baba, in saya, in like, ko mi?

Direban albasa, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana, gajiya ta bi lafiya, zafi kuma lokacinsa ne. Allah Ya ƙara ma tsoho lafiya, ka gaishe shi.

Kar ka saya tukuna, kar ka yar, kuma don Allah kar ka bari abokin nan naka ya matso kusa da kujerar da wutar walda. Abin da kake kira hannun kujera kaya uku ne aka haɗa, leda a waje, soso a tsakiya, sai ƙashin ciki wato ƙarfen da komai ya hau kansa tare da noti ko fil ɗin da yake juyawa a kai. Leda da soso ba su da wata daraja, duk mai ɗinkin kushin a garin nan zai yi maka sabo cikin wuni ɗaya. Ƙashin ne dukiyar, kuma yana hannunka. Mai sifiya ƙashi zai sayar maka da tsada alhali kana da naka.

Dalilin tsadar ma bari in gaya maka. Motarka an yi ta ne don kasuwar Amurka, can ko sunan Hilux ba ta amsawa a lokacin, Pickup kawai suke ce mata har 1995 da Tacoma ta gaje ta. Inji da ƙafa da yawan kayanta suna shiga da na Hilux ɗinmu, shi ya sa ba ka taɓa shan wahalar su ba, amma kayan ɗaki daban ne. Hilux ɗin da aka riƙa kawowa nan sabbi don aikin gwamnati da kamfanoni yawanci dogon benci gare su miƙaƙƙe babu wani hannu a tsakiya, don haka ba kowace gawar Hilux za a farke a samu irin naka ba, sai an dace da wadda ta fito can. Mai kaya ya san haka. To a ce ma an dace an samo a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna, me aka samo? Hannun da shi ma ya shekara talatin. Ya yi kyau a ido saboda ya tsufa a ƙasar sanyi, amma sosonsa sa'an naka ne, ka ba shi bazara biyu a Sakkwato ka gani. Nan fa watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40 a inuwa, motar da aka kulle gilashinta a rana kuwa cikinta ya fi haka nesa ba kusa ba. Ledar kujera roba ce da aka cuɗa da wani mai don ta yi laushi, zafi ke fitar da man nan a hankali, sai ta bushe ta yi tauri ta fara tsagewa ta inda gwiwar hannu ke dannawa. Da ta tsage gumi ya samu hanya, soso kuma in danshi da zafi suka haɗu masa sai ya rube ya zama garin nan mai ɓata ma mutane kaftani. Ba wai ba a kula da motar ba ne, shekaru ne.

Yanzu ga aiki. Ka samu safiya kafin rana ta yi, ka kwance robar tub ɗin, ka sauke hannun ka duba gindinsa inda ya haɗu da jingina. Za ka ga ko dai wata 'yar murfin roba da ake ɓanɓarewa da bakin sukundireba, ko kuma yadin kujerar ne ya rufe wurin sai ka ɗan tura shi da yatsa. A ƙarƙashi ɗayan biyu ne, ko bol mai kai, ko fil da aka maƙale da wani ɗan kilif mai kamar rabin zobe. In kilif ne ka ɗora tsumma a kai kafin ka zare shi don tsalle yake, in ya faɗa ƙarƙashin kujera cikin ɓawon albasa da ƙasa sai dai wani ba shi ba. In bol ne, motocin Japan lambobinsu sanannu ne, 10 da 12 da 14 da 17, a irin wannan wuri 12 ko 14 za ka tarar. Kar ka ɗauko 13 ka ce ai ta kusa, 13 ta Fijo ce da sauran motocin Turai, in ka sa ta a kan 12 za ta zame ta cinye kan bol ɗin ka shiga uku. Soket mai kusurwa shida ya fi sifana mai baki, filaya kuwa ko kusa.

Kafin ka zare komai ka ɗauki hoto da waya. Wannan maganar tana kama da wasa amma nan yara ke faɗuwa. A jikin bol ɗin akwai wosha biyu ko uku da wani ɗan bush na roba, kowanne da wurinsa, wata tana ciki wata tana waje. Ni yadda nake yi, ina zare su ina zura su a jikin wata waya a jere yadda suka fito, in lanƙwasa bakin, ko bayan sati na dawo ba ruɗewa.

In bol ya ƙi motsi kar ka hau shi da ƙarfi. Notin da yake shiga a ciki an like shi ne da firam ɗin kujera tun daga kamfani, in ka matsa ya ɓalle sai ya riƙa juyawa tare da bol ɗin, daga nan sai an fede jinginar gaba ɗaya kafin a kai gare shi, ƙaramin aiki ya zama babba. Ka fesa masa man sakin tsatsa irin su WD-40 ko ka ɗiga gas, ka bar shi ya kwana, da safe ka ɗan ɗaure shi gaba kaɗan sannan ka dawo baya, gaba baya gaba baya har ya saki. Na san wasu makanikai man birki suke zubawa, yana yi ɗin, amma duk fentin da ya taɓa sai ya ci shi, kuma yadi in ya sha ba ya fita.

To hannu ya fito. Ka farke ledar ta bin ɗinki, kar ka yage ta kamar mai feɗe akuya, don ita ce za a shimfiɗa a yanka sabuwa a kanta, ko ta tsage gida goma mai kushin na buƙatarta. Ka kankare ragowar soson ka goge ƙarfen da burushin waya. Yanzu za ka ga ainihin ciwon, gani ya kori ji. Faɗowar da yake yi in ka taka birki daga bush ɗin nan ne na roba, shi ke riƙe hannun da ɗan tauri, ya cinye ko ya farfashe, ramin kuma wataƙila ya faɗaɗa ya zama kamar ƙwai. In kuma kana sauke shi yana wuce inda ya kamata ya tsaya yana lanƙwasowa ƙasa, to ɗan harshen ƙarfen da ke tokare shi ne ya lanƙwashe ko ya karye, yawanci saboda fasinja na uku da ake ɗorawa a tsakiya ko yaran da ke hawa kansa kamar jaki. Nan ne abokinka mai walda zai yi rana. Ka kai masa ƙarfen tsirara a shagonsa, ya miƙe harshen ya ƙara masa nama, in rami ya faɗaɗa ya like wosha mai kauri daidai da bol ɗin a bakin ramin ya goge. Aikin minti ashirin ne. Bush kuwa masu sifiya na da wosha na farar roba mai tauri, in babu, mai injin tona, wato injin fere ƙarfe, zai fere maka.

Abin da na hana shi ne walda a cikin mota. Tartsatsi ɗaya ya faɗa cikin soson kujera ba lallai ya kama nan take ba, sai ya yi ta ci a ciki shiru kun watse kun tafi sallah, ku dawo ku tarar da hayaƙi. Na taɓa ganin haka da idona a wani gareji shekarun baya, kan ɗan liƙin ƙafar kujera, kafin a kawo ruwa rufin ɗaki da sitiyari sun narke. Hayaƙin soson nan ma guba ne. Sannan in an like hannun a kwance ka rasa wurin mutum na uku har abada, kai da ke zuwa Illela ka san abin da hakan ke nufi ga aljihu.

Wurin mai kushin kuma ka tsaya a kansa, zuwa da kai ya fi aike. In ka bar masa ka tafi, guntun soson katifa zai cusa maka, ranar farko ka ji laushi kamar gadon amarya, bayan wata ɗaya gwiwar hannun tsoho ta koma kan ƙarfe. Hannun kujera nauyi yake ɗauka a ɗan ƙaramin wuri, tauri yake so. Ka ce ya sa soso mai dabbare-dabbaren nan da aka danne gutsattsari aka yi shi, shi ne a ƙasa ya rungume ƙarfen, sannan a bi samansa da mai laushi siriri kamar rabin inci don ya ɓoye gargada. Gwajin soso ba wuya, ka matsa shi da babban yatsa da ɗan ali, in yatsunka suka haɗu da juna cikin sauƙi ka ajiye masa abinsa. Duk wani kaifi ko kusurwa a jikin ƙarfen a fara naɗe shi da guntun yadi mai kauri, in ba haka ba ta ciki zai yanko sabon soson. Gam irin su Evo-Stik ana shafa shi gefe biyu ne, jikin ƙarfe da jikin soso, a jira ya sha iska har in ka taɓa bai biyo yatsa ba, sannan a haɗa. Masu gaggawa suna haɗawa yana ɗanye, rana na dukansa ya saki. A yi shi a fili, kuma mai sigari ya matsa can.

Maganar abin rufi, ni ra'ayina ka manta da neman kalar kamfani, kujerar da ta shekara talatin ita kanta ba kalar kamfani gare ta ba yanzu. Baƙar leda dai ban ba ka shawara ba, kowa ya san yadda take da azahar. Toka-toka ko ruwan ƙasa mai haske, mai yadi a bayanta ba mai santsi ciki da waje ba. Yadin kujera mai kauri ya fi sanyi a fata amma yana shan gumi da ƙurar hunturu, ga warin albasa in ya kama shi sai haƙuri, don haka a aikinka leda ta fi, tsumma da ruwa kawai an gama. A ɗinka da zaren nailan, kuma ɗinkin ya bi gefe kar ya ratsa ta saman inda hannu ke sauka. In rigar ta yi kamar ta matse wurin sawa, haka ake so, a shanya ta a rana minti goma za ta saki ta shige, in ta huce ta kama jiki ba tattara.

Wurin mayarwa ka shafa ɗan giris kaɗan a bush, kaɗan fa, kar ya tsatso ya ɓata yadi. Ka fara ɗaura bol da yatsu ya shiga zagaye uku huɗu kafin ka sa soket don kar tiredi ya hau karkace. Ka ɗaure har hannun ya riƙa tsayawa duk inda ka sake shi amma yana motsi ba sai da kokawa ba. Hanyar Goronyo za ta gwada shi, bayan sati ka sake taɓa shi da soket.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi, bakin bel ɗin kujera ta wannan tsakiyar yake fitowa. In aikin ya sa ka ɗaga kujerar gaba ɗaya, duk bol ɗin da ke riƙe bel ko ƙafar kujera a ƙasa shi za ka mayar, ba wani da aka tsinto a kwandon gareji ba, ƙarfensu daban ne. Kuma ka fito da bakin bel ɗin sama ya zauna a fili, na ga motoci da yawa an gama kushin an binne shi a ƙarƙashi. Motarka ba ta da jakar iska a kujera, amma masu karatu da ke da sabbin Hilux, in kun leƙa ƙarƙashin kujera kun ga soket ɗin waya ruwan ɗorawa, na jakar iska ne, a cire kan batir a ɗan jira kafin a taɓa wurin.

Ranar Alhamis ka yi aikin ka ga ko tsoho zai lura ran Juma'a.

TAMBAYA

Salam Oga. Tawa Fijo 504 ce a-kori-kura, ruwan leda nike rabawa cikin gari. Hannun jikin ƙofa na direba ya fita, sukurun ba su kamawa, yaron shagona ya ce mu sa dogon sukuru na katako. Ya halatta?

Mai ruwa, Mabera

AMSA

Malam mai ruwa, ka ce ma yaron ya bari. Bayan wannan allon ƙofar gilashi ke sauka in ka naɗe shi ƙasa, dogon sukuru zai leƙa hanyarsa, ko ya karce shi ko ranar da aka buga ƙofa da ƙarfi ka ji tas. Gilashin ƙofar 504 kuma yau ya fi hannun tsada nesa.

Abin da ya faru, wannan hannun ba na ɗora gwiwa ba ne kaɗai, da shi kake jawo ƙofa sau hamsin a wuni tun da kai sauka kake kana hawa a kowane shago, har ramin da sukurun ke kamawa a ƙarfen ƙofa ya gaji ya buɗe. Ka cire allon ƙofar, a sa kilif na ƙarfe mai tiredi a bakin ramin, in ba a samu ba a sa bol gajere da noti da wosha mai faɗi ta baya, sannan a naɗa gilashi sama da ƙasa a tabbatar ba ya taɓa komai kafin a rufe. In hannun kansa ya karye, kai kam ba ka da matsalar direban albasa. An fara haɗa Fijo a Kaduna tun 1975, 504 kuma an ci gaba da yin ta nan har cikin shekarun 2000 bayan Faransa ta daɗe da dainawa, gawarta na ko'ina, ka zaga wurin masu sifiya a Buzaye ko J. Allen da tsohon hannun ƙofar a hannunka ka gwada tazarar ramukan da na salun ko wagon kafin ka biya. Ka lura da hagu da dama. Sannan ka duba hinjin ƙofar, in ƙofa ta sauka sai an ɗaga an fizga take rufuwa, to ko sabon hannu ka sa wata uku ne.

TAMBAYA

Baba ni tambayata, tun da Allah Ya yi mu a garin fata, mi zai hana a rufe hannun kujera da jar fatar akuya ta dukawanmu maimakon ledar kanti?

Wata mai karatu, Gidan Igwai

AMSA

'Yata kin burge ni, kuma ba abin da zai hana. Fatar jar akuyar Sakkwato ai ita ce fatake suka riƙa ƙetare hamada da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko don ta can take isa gare su, da ita suke rufe littattafai masu tsada. Fata tana numfashi, ba ta ƙuna a rana kamar leda, kuma ba ta bushewa irin bushewar roba in ana ɗan shafa mata mai jefi-jefi.

Sai dai abu biyu. Fatar akuya siririya ce tana miƙewa, dole baduku ya manna mata yadi mai kauri ta baya kafin a ɗinka, in ba haka ba wata biyu ta yi jaka a wurin gwiwa. Na biyu shi ne rinin. Jan nan na karan dafi in ya haɗu da gumi yana zuba, mai farar shadda ya ɗora hannu daga nan zuwa Bodinga zai sauka da jan hannun riga, kin ga an gudu daga garin soso an faɗa wani. Ki ce a ba ki wadda aka jeme da bagaruwa aka bar ta da kalarta ba a rina ba, da kanta za ta yi duhu ta yi sheƙi da amfani. In kuma jar kike so dole, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a kanta tun a gaban mai ita a Madunka, abin da ƙyallen ya nuna shi hannun riga zai nuna.